BABI NA UKU: SAYE DA TSARA KWAMFUTAR TAFI-DA-GIDANKA MAI SAUƘIN GYARA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar kwamfuta da ire-irenta da kuma muhimman sassan da suka haɗu suka tayar da ita. A wannan babi kuwa za a duba wani nau'i na kwamfutar tafi-da-gidanka wadda aka ƙera ta yadda mai ita zai iya kwance ta da hannunsa, ya cire sashen da ya lalace ko ya tsufa, ya sa wani, ba tare da ya jefar da sauran ba. An ɗauki kwamfutar kamfanin Framework na ƙasar Amurka a matsayin misali, domin ita ce ta fi shahara a wannan fanni. Za a kawo matsalar da ta haifar da wannan tsari, da tarihin kamfanin a taƙaice, da yadda aka ƙera kwamfutar, sannan matakan saye da haɗawa da sabuntawa. Abin da babin ke son nunawa shi ne, mai sayen irin wannan kwamfuta yana bukatar ya rarrabe tsakanin sassan da canza su ke da tsada da waɗanda za a iya ƙarawa daga baya cikin sauƙi, domin a nan ne riba ko asararsa take.

3.1 Matsalar da ta Haifar da Wannan Tsari

A da, galibin kwamfutocin tafi-da-gidanka suna da ƙananan ƙofofi a ƙarƙashinsu, inda ake kwance noti ɗaya ko biyu a kai ga ma'adana. Batir kuwa zare shi kawai ake yi a sa wani. Da gasar sirantar da kwamfuta ta yi tsanani tsakanin kamfanoni, sai aka shiga liƙe sassa da dalma a jikin uwar allo, wato babban faifan nan da duk sassa ke haɗuwa a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod. Alal misali, a shekarar 2012 kamfanin Apple ya fitar da MacBook Pro mai fuskar Retina, wadda aka liƙe ram ɗinta da dalma, aka kuma manne batir ɗinta da gam. Kamfanin iFixit, wanda ya shahara wajen kwance na'urori yana ba su maki gwargwadon sauƙin gyaransu, ya ba ta maki 1 cikin 10. A shekarar 2016 kuma aka fara liƙe ita kanta ma'adanar dindindin a wasu samfuran kamfanin. Sauran kamfanoni da dama sun bi wannan sahu.

Illar wannan ita ce, sashe ɗaya kan kashe kwamfuta sukutum. Batir yakan rage ƙarfi bayan 'yan shekaru, madannai sukan mutu in ruwa ya zuba a kansu, kafar caji takan saki saboda yawan sawa da cirewa. Idan kuɗin gyaran ɗayan waɗannan ya kusa kai kuɗin sabuwa, mai ita yakan ajiye ta ne ya sayi wata, alhali kuwa fuskarta da gangar jikinta lafiya lau suke. Rahoton da hukumomin ITU da UNITAR na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a shekarar 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yadda ya kamata. Wannan ne ya ƙarfafa fafutikar da ake kira 'yancin gyara. A watan Janairu na 2021 ƙasar Faransa ta wajabta wa masu sayar da wasu na'urori, har da kwamfutar tafi-da-gidanka, su riƙa nuna makin sauƙin gyara daga cikin 10. A watan Disamba na 2022 kuma jihar New York ta Amurka ta sa hannu a dokar da ta tilasta wa kamfanoni samar da kayan gyara da bayanansu ga jama'a.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Kamfanin Framework

Nirav Patel, wanda ya taɓa aiki a kamfanonin Apple da Oculus, shi ne ya kafa kamfanin Framework a birnin San Francisco a shekarar 2020. A watan Fabrairu na 2021 kamfanin ya sanar da kwamfutarsa ta farko, aka fara kai wa masu saye a watan Yuli na wannan shekara. Faɗin fuskarta inci 13.5 ne, nauyinta kuma kimanin kilo 1.3, wato ba ta fi takwarorinta sirara nauyi ba. A ƙasar Taiwan ake harhaɗa ta. Da iFixit ya kwance ta sai ya ba ta maki 10 cikin 10.

Daga nan kusan kowace shekara akan fitar da sabuwar uwar allo wadda za ta zauna daidai a cikin gangar jikin ta farko. An yi haka a 2022 da 2023 da furosesar Intel, a 2023 ɗin kuma aka fara samar da ta AMD. A watan Janairu na 2024 aka fara kai babbar kwamfuta mai inci 16, sannan a 2025 aka ƙara ƙarama mai inci 12.2 da kuma kwamfutar tebur.

3.3 Yadda aka Ƙera Kwamfutar

Abubuwa huɗu ne suka bambanta ƙirar wannan kwamfuta da sauran. Na farko, noti ne ke riƙe da sassanta a maimakon gam. A cikin kwalinta akan sa sukundireba guda ɗaya wadda ta isa a kwance komai da ita. Idan aka sassauta notuna biyar da ke ƙarƙashin mai inci 13.5, sai murfin da ke ɗauke da madannai ya ɗaga, cikin kwamfutar ya bayyana. An yi notunan yadda ba sa fita gaba ɗaya daga raminsu, don kada su ɓace.

Na biyu, an rubuta wa kowane babban sashe sunansa, an kuma buga masa tambarin QR, wanda idan aka haska shi da waya zai kai mutum ga bayanin yadda ake canza sashen da inda ake sayen madadinsa. Na uku, ram da ma'adanar dindindin da katin Wi-Fi duk irin na gama-gari ne, waɗanda ake samu a kowace kasuwar kayan kwamfuta, ba lallai sai daga kamfanin ba.

Na huɗu shi ne katunan kafa. A sauran kwamfutoci, kafofin da ake soka waya ko filasha a haɗe suke da uwar allo, abin da kamfani ya zaɓa shi mutum zai zauna da shi. A nan kuwa an bar gurabe huɗu, biyu a kowane gefe, inda ake zura wasu ƙananan katuna, kowanne ɗauke da irin kafarsa. Daga ciki duk ta hanyar USB-C suke haɗuwa da uwar allo. Amfanin haka biyu ne: mai kwamfuta shi ke zaɓar kafofin da yake so da gefen da yake son su, sannan idan kafa ta saki, katin kawai za a canza, uwar allo ba ta san an yi ba.

3.4 Matakan Saye

Ta intanet ake yin odar kwamfutar. Idan sabon samfuri ne, akan karɓi kafin alƙalami na dala 100 a sa mutum a layi, a kai kaya rukuni-rukuni. Kafin a kai ga biya, akwai shawarwari biyar da mai saye zai yanke, kuma ba dukkansu ne nauyinsu ɗaya ba.

3.4.1 Zaɓen Girma

Wannan ita ce shawarar da ba a iya warware ta daga baya, domin uwar allon wani girma ba ta shiga gangar jikin wani. Mai inci 12.2 an yi ta ne da ɗalibai a zuciya, ana naɗe ta ta koma kamar allon hannu, amma gurbin ram ɗaya kawai take da shi. Mai inci 13.5 ita ce ta fi daɗewa a kasuwa, saboda haka ta fi yawan kayan gyara da zaɓin uwar allo. Mai inci 16 tana da guraben katunan kafa shida, ana iya matsar da madannanta hagu ko dama a ƙara na lissafi, kuma a bayanta akwai wurin da ake zura na'urar sarrafa hoto ta musamman ga masu zane ko tace bidiyo. Sai dai ta fi nauyi da tsada da shan wuta. Don haka ya kamata mai saye ya fara tantance aikin da zai riƙa yi da kuma yawan yawon da zai yi da kwamfutar.

3.4.2 Haɗaɗɗiya ko Haɗa-da-Kanka

Kamfanin na sayar da kwamfutar ta hanyoyi biyu. Akwai wadda ke zuwa a haɗe da manhajar Windows, sai kunnawa kawai. Akwai kuma wadda ya kira DIY Edition, wato haɗa-da-kanka, inda mai saye ke da damar barin ram da ma'adana da caja da manhaja, ya nemo nasa. A shekarar 2021 farashin haɗaɗɗiya ya fara ne daga dala 999, na haɗa-da-kanka kuwa daga dala 749. Wannan bambanci bai kamata ya ruɗi mai saye ba, domin abubuwan da aka cire sai ya saye su ko ta halin ƙaƙa. Hanya ta biyu tana yin araha ne ga wanda yake da wasu sassan a hannu, ko ya san inda zai same su da sauƙi, ko kuma zai yi amfani da manhajar Linux wadda ba a biyan kuɗin lasisinta. Ubuntu da Fedora su ne nau'o'in Linux da kamfanin ya daɗe yana tallafa wa a hukumance.

3.4.3 Furosesa

Furosesa ita ce ke gudanar da duk lissafin da kwamfuta ke yi. A nan akwai abin lura: ko a wannan kwamfuta, furosesa a liƙe take da dalma a jikin uwar allo, kamar yadda take a kusan duk kwamfutocin tafi-da-gidanka na wannan zamani. Wanda ke son canza ta, uwar allon gaba ɗaya zai canza, kuma ita ce sashe mafi tsada, kuɗinta kan kai ɗaruruwan daloli. Saboda haka a nan ne ya kamata a fi natsuwa. Wanda aikinsa bai wuce rubutu da bincike da lissafin ofis ba, ƙaramar furosesa ta wadatar da shi, ƙarin kuɗin da zai zuba a babba ba zai ga amfaninsa ba. Wanda kuwa aikinsa ke da nauyi, in ya yi ƙwauro a nan, zai dawo ya biya sau biyu.

3.4.4 Ram da Ma'adanar Dindindin

Ram ita ce ma'adanar wucin gadi, inda kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kansa a daidai lokacin, da zarar an kashe ta sai ya goge. Ma'adanar dindindin kuwa, wato SSD, nan ne manhajoji da takardu ke zaune. Waɗannan biyu su ne mafi sauƙin ƙarawa, don haka ana iya farawa da kaɗan a ƙara idan hali ya samu. Mai inci 13.5 tana da guraben ram biyu. Idan aka cika su da guda biyu masu girma ɗaya, bayanai na tafiya ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kwamfutar takan fi sauri, musamman wajen nuna hoto. Amma wanda ya san zai ƙara nan gaba, zai iya sayen babba guda ɗaya ya bar ɗaya gurbin, don kada ya zo yana cire ƙanana biyu yana ajiyewa.

3.4.5 Katunan Kafa

Daga cikin katunan da ake samu akwai USB-C da USB-A da HDMI da DisplayPort da microSD da na wayar intanet, har da katunan ajiya masu ɗaukar gigabayit 250 ko terabayit 1. Dole ne a sami aƙalla USB-C ɗaya, domin ta nan ake caji. Wanda ya sa ɗaya a kowane gefe zai iya caji ta duk inda soket ya fi kusa. Malami ko ɗalibin da ke yawan haɗa kwamfuta da majigi zai bukaci HDMI. Yana da kyau a sayi katuna fiye da yawan guraben, a ajiye sauran a jaka. Haka kuma a duba littafin samfurin da aka saya, domin a wasu, kamar na AMD na 2023, guraben biyu na baya sun fi na gaba sauri.

3.5 Haɗawa da Tsarawa

Haɗa kwamfutar bai bukatar ƙwarewar injiniya. Za a shimfiɗa ta a tebur mai tsabta, a tabbatar ba a jone take da wuta ba, sannan mutum ya taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin da jiki kan tara, wanda kan iya lalata ƙananan sassa. Ana soka ram a karkace, a danna ta ƙasa har maƙallan gefe su kama. Ma'adanar dindindin ma haka ake zura ta, a ɗaure da noti ɗaya. Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne siririyar wayar da ta haɗa murfin madannai da uwar allo, domin wanda ya fizgi murfin da ƙarfi zai iya tsinka ta. Bayan an rufe an ɗaure notuna biyar ɗin ba tare da matsewa fiye da kima ba, sai a zura katunan kafa, a ɗora manhaja daga filasha. A kunnawar farko fuska kan ɗan jima ba ta kawo ba, saboda kwamfutar na gwada sabon ram ɗin, wannan kuma ba alamar lalacewa ba ce.

Ta fuskar tsarawa, firam ɗin da ya kewaye fuska maganaɗisu ne ke riƙe da shi, ana ɓamɓare shi da yatsa a sa mai wani launi. Ana kuma samun madannai na harsuna daban-daban. A saman fuskar akwai ƙananan makunnai biyu da ke yanke wa kyamara da makirufo wuta, ga mai son tsare sirrinsa.

3.6 Sabuntawa Bayan Shekaru

Ainihin amfanin wannan tsari ba ya bayyana sai kwamfuta ta kwana biyu. Wanda ya sayi ta 2021 yana iya sa mata uwar allon 2025, ya ci gaba da amfani da fuska da madannai da gangar jikinsa na da. Batir na farko mai awon Wh 55 ana iya maye gurbinsa da mai Wh 61 da ya fito a 2023. A 2024 an fitar da fuska mafi kyau mai ɗigo 2880 a kwance da 1920 a tsaye, a madadin ta farko mai 2256 da 1504, kuma tana zama a tsohuwar ganga. Hatta hinjin da ke riƙe da murfi an samar da mafi ƙarfi a 2022. Tsohuwar uwar allon da aka cire ma ba ta zama shara ba, domin a 2023 kamfanin ya haɗa kai da Cooler Master suka yi wani ƙaramin akwati da ake sa ta a ciki ta zama kwamfutar tebur.

Muhimmancin wannan ya fito fili a ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin gama-gari ga Windows 10. Windows 11 ba ta karɓar galibin furosesar Intel da suka girmi zubi na 8, saboda haka kwamfutoci masu yawa da ke aiki lafiya suka rasa hanyar sabuntawa a hukumance. Inda ana iya canza musu uwar allo, da sashe ɗaya kawai za a saya.

3.7 Iyakokin Wannan Tsari

Duk da fa'idojin da aka zayyana, akwai iyakoki da bai kamata a rufe ido a kansu ba. Na farko, a mafi yawan lokuta kuɗin wannan kwamfuta ya ɗara na wata mai ƙarfi irin nata daga manyan kamfanoni, kuma rarar ba ta dawowa sai an daɗe ana amfani da ita. Wanda ya saba canza kwamfuta duk bayan shekara biyu ba shi da riba a nan.

Na biyu, sabuntawa kan jawo wata sabuntawar. Uwar allon Intel ta 2021 zuwa 2023 da ram nau'in DDR4 take aiki, ta AMD ta 2023 da waɗanda suka biyo baya kuwa DDR5 suke ɗauka, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Wanda zai tsallaka daga wancan zuwa wannan, sai ya lissafa da kuɗin sabon ram.

Na uku, uwar allo da batir da fuska da madannai ƙirar kamfanin ce shi kaɗai. Ya wallafa zanen wasu sassa a fili don wasu su iya ƙera nasu, har kamfanin DeepComputing ya yi wata uwar allo mai furosesar RISC-V da ke shiga gangar mai inci 13.5. Duk da haka, ɗorewar tsarin ta dogara ne ga ɗorewar kamfanin da kuma ci gaba da riƙe ƙira ɗaya. Shi kansa a kwamfutar tebur da ya fitar a 2025 ya liƙe ram da dalma, inda ya bayyana cewa saurin da furosesar ke bukata ba zai samu ba in ba haka aka yi ba.

Na huɗu, kamfanin na aika kayansa ne zuwa wasu ƙayyadaddun ƙasashe, galibinsu a Arewacin Amurka da Turai, kuma har zuwa 2025 Nijeriya ba ta cikinsu. Kwamfuta mai sauƙin gyara da ba a samun kayan gyaranta a kusa, rabin amfaninta ya tafi. Amma batun ya shafi ƙasashe irin Nijeriya ta wata fuskar, domin yawancin kwamfutocin da ake sayarwa a kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja a Legas na hannu ne da aka shigo da su daga ƙetare. Wadda ake iya canza wa batir da ram da ma'adana takan ƙara shekaru a hannun mai ita na biyu da na uku. Wadda aka liƙe komai nata kuwa, da zarar sashe ɗaya ya mutu, mai gyara ba shi da abin yi illa ya cire abin da zai ciru.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda liƙe sassa da dalma da gam ya gajarta rayuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, da yadda kamfanin Framework ya fito da wata ƙira daga shekarar 2021 wadda ta mayar da noti da gurabe. An nuna cewa shawarwarin saye hawa-hawa ne: girma ba ya canzuwa, furosesa na canzuwa da tsada, ram da ma'adana da katunan kafa kuwa ana iya ƙara su a kowane lokaci. Don haka mai saye zai fi amfana idan ya zuba tunaninsa da kuɗinsa a kan na farko da na biyu, ya sassauta a kan sauran, sannan ya tabbatar yana da hanyar samun kayan gyara kafin ya biya. A babi na gaba za a dubi kalmomin da masu gyaran kwamfuta ke amfani da su wajen kiran waɗannan sassa, da hanyoyin da aka bi wajen aro ko ƙirƙirar su.